Zaɓen Sikin Yanka Kwana: Amsoshin Tambayoyin 'Yan Zariya Masu Karatu a Ƙasashen Sanyi

Duk shekara, da an shiga Satumba, ɗalibai da malamai daga Samaru da Kongo da Shika sukan haɗa kaya su tafi ƙaro ilimi a Turkiyya, Kanada, Jamus, Rasha ko Sin. Kafin Janairu ya ƙare sai saƙonni su fara shigo mini, don an san na yi karatu a Kayseri, garin da ke gindin dutsen Erciyes, kuma a can na koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara har ta shiga raina. Wani abokan karatunsa sun ja shi dutse ya ɗanɗana yana son ƙari, wata kuma ta tsaya a shagon haya an jera mata alluna ta rasa na ɗauka. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Idan na ce siki, ina nufin dogayen allunan nan biyu da ake maƙalawa a takalmi a gangaro da su daga dutse.

Malam, mene ne sikin yanka kwana, kuma me ya raba shi da sauran?

Ka kwantar da shi a ƙasa ka dube shi daga sama. Kansa faffaɗa ne, wutsiyarsa ma faffaɗa, tsakiyarsa inda ƙafa ke zama kuma a tsuke. Wannan tsukakken wurin shi ne ƙugu. Saboda haka gefensa ba miƙaƙƙe ba ne, a lanƙwashe yake, kuma an bi gefen da siririn ƙarfe mai kaifi tun daga kai har wutsiya. Idan ka karkata shi ya hau gefensa ka danna da nauyinka, sai ya lanƙwasa, kaifin ya kama dusar ƙanƙara, shi da kansa ya zagaya da kai. Ba sai ka murɗa ƙafa ba. Ka san yadda ɗan acaɓa ke shan shataletalen PZ: ba kan babur yake juyawa da ƙarfi ba, kwantawa yake yi gefe, babur ya bi. To haka abin yake. Wanda ya iya, idan ya wuce za ka ga sirarran layuka biyu a bayansa, tsaf, ba tare da ya watsa dusa gefe ba.

Tunanin tsuke ƙugu tsoho ne. Sondre Norheim, mutumin yankin Telemark a Norway, ya yi amfani da siki mai irin wannan siffa tun a shekarun 1860. Amma har ƙarshen shekarun 1980 tsukewar kaɗan ce, allunan kuma dogaye, wasu har mita biyu, sai an sha wahala kafin a iya juya su. A 1993 kamfanin Elan na Sloveniya ya fito da samfurin SCX mai tsukakken ƙugu sosai, kuma cikin 'yan shekaru sauran kamfanoni suka bi sahu. Wannan ne ya sauƙaƙa wa irinmu, waɗanda ba a haife mu cikin sanyi ba, mu koya bayan mun girma.

Na ga lambobi a jikin kowane siki, kamar 122-72-104 da R14. Me suke nufi?

Waɗannan lambobin sun fi launi da sunan kamfani muhimmanci, don haka ka koyi karanta su kafin ka shiga shago.

Ukun farko faɗi ne a milimita: kai 122, ƙugu 72, wutsiya 104. Ta tsakiyar ita ce za ka fi sa wa ido. Sikin yanka kwana ƙugunsa yakan kama daga 65 zuwa wajen 80. Daga 80 zuwa 95 an shiga na kowane irin fili, wanda ya haura 100 kuma na dusa mai zurfi ne da ba a taka ba.

Lambar da ke bayan harafin R kuwa a mita take. Da za a ci gaba da zana lanƙwasar gefen sikin har ta zama cikakkiyar da'ira, tazarar da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakinta ita ce wannan lambar. Ƙaramar lamba, matsattsiyar kwana. Babbar lamba, doguwar kwana mai buƙatar gudu da fili. Amma kada ka ɗauka R14 na nufin kowace kwanarka mita 14 ce. Iya karkatar da ka yi, iya matsewar kwanar. A lissafi, wanda ya kwantar da sikin har digiri 60 ya rage ta zuwa rabi, wato wajen mita 7. 'Yan sashen injiniya na Samaru sun riga sun gano lissafin kusurwa da ake kira cosine ne ke aiki a nan.

Sai lamba ta ƙarshe, tsawon allon a santimita. Samfuri ɗaya yakan zo da tsayi huɗu ko biyar, kuma R yana ƙaruwa da tsayin.

To wace R zan nema?

Idan kana farawa ko kana tsaka-tsaki, tsakanin 13 da 16. Ƙasa da 13 siki ne mai zafin nama, kullum yana son juyawa, zai gajiyar da cinyarka kafin azahar. Sama da 18 ba ya nuna kyansa sai da gudu, kuma a hanya mai cunkoson yara da masu koyo gudu haɗari ne gare ka da su.

Tsawona mita 1.75 ne, nauyina kilo 70. Wane tsayi ya dace da ni?

Ka tsayar da sikin a gabanka, wutsiya a ƙasa. Mai farawa, kan sikin ya tsaya tsakanin haɓa da hanci. Wanda ya fara sakin jiki, tsakanin hanci da ido. Gwani, goshi ko daidai tsawonsa. Kai da ka faɗi tsawonka, in sabo ne kai, ka nemi 155 zuwa 162. Bayan ka ƙware za ka iya komawa 165 zuwa 170.

Sai dai siki bai san tsawonka ba, nauyinka yake ji. Mai jiki ya ƙara santimita biyar, siriri ya rage. Gajere ya fi sauƙin juyawa da tsayarwa, amma yana rawa idan gudu ya yi yawa. Dogo ya fi natsuwa a guje, amma a hanya matsattsiya zai yi maka gardama. Kuma babu abin kunya a gajeren siki: a gasar duniya ta zagaye sanduna a matse, ƙa'idar FIS, hukumar wasan siki ta duniya, ita ce kada na maza ya gaza santimita 165, na mata 155, kuma yawancinsu a nan suke tsayawa, har ƙarti masu tsawon kusan mita biyu.

Yaya, ta yaya zan san matsayina? Na je sau da yawa, ina ganin na iya.

Ƙanena, wannan ita ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta, kuma a nan ne mutanenmu suka fi cutar kansu. A shagon haya za a miƙo maka takarda a ce ka zaɓi mataki na ɗaya, na biyu ko na uku. Namiji ga abokai a tsaye a bayansa, sai ya ji nauyin rubuta ɗaya. Da wannan amsar za a zaɓa maka allo, da ita kuma za a saita ƙarfin da zai saki ƙafarka idan ka faɗi. Ƙarya a wannan takardar gwiwarka ce za ta biya ta.

Ka bar lissafin sau nawa ka je, ka duba abin da ƙafafunka ke yi. Idan har yanzu kana haɗa kawunan sikin kana buɗe wutsiyoyin don rage gudu, abin da ake kira garma, to mai farawa ne kai, ko shekara nawa ka yi kana zuwa. Idan allunan suna tafiya a jere a yawancin kwana, amma wutsiya na zamewa gefe tana watsa dusa, kuma kana komawa garma idan gangara ta tsananta, kai ɗan tsaka-tsaki ne. Yawancin masu zuwa dutse a duniya a nan suke, kuma matsayi ne mai daɗi. Idan kuwa ka tsaya ka waiwaya ka ga layuka biyu sirara a bayanka a jar hanya, wato mai matsakaiciyar gangara, kana iya matse kwana ko buɗe ta yadda ka so, kuma ƙanƙara mai tauri ba ta sa gabanka faɗuwa, to ka kai mataki na uku.

Launin hanyoyi ma ma'auni ne. A Turai shuɗiya ce mai sauƙi, ja matsakaiciya, baƙa mai tsanani, Faransa kuma tana da koriya ta 'yan koyo. A Ostiriya da Jamus shuɗiya ba ta wuce gangarar kashi 25 cikin ɗari, wato a kowace mita 100 da ka yi gaba ba ka sauka fiye da mita 25, ja kuma ba ta wuce kashi 40. A Amurka da Kanada babu ja: koriyar da'ira, shuɗin murabba'i, sai baƙar alama mai kusurwa huɗu a tsaye. Amma saukowa daga baƙar hanya da rai ba shi ne iyawa ba. Matsayinka shi ne launin da kake sauka kana numfashi daidai, kana iya tsayawa duk inda ka ga dama.

Mafi sauƙi, ka sa aboki ya ɗauke ka bidiyo da waya daga ƙasa. Abin da jiki ke gaya wa mutum daban, abin da ido ke gani daban.

Ina Ontario. Abokina yana Kolorado, ya ce in sayi mai faɗi irin nasa. In bi shawararsa?

A'a. Shi dutsensa daban, kai naka daban. Gabashin Kanada da gabashin Amurka, irin su Ontario, Kebek da Vermont, duwatsunsu ba su kai na yamma tsawo ba, ana yawan dogara da dusar da inji ke fesawa, kuma tana narkewa ta sake daskarewa ta yi tauri. A irin wannan wuri ƙugu 68 zuwa 76 ne abokinka, domin kaifin yana kusa da tsakiyar tafin ƙafarka, yana saurin kamawa, kuma juyawa daga wannan gefe zuwa wancan ba ya ɗaukar lokaci. A Kolorado, Utah, yammacin Kanada ko tsibirin Hokkaido na Japan, dusa mai laushi na zuba da yawa, siririn siki nutsewa yake yi, shi ya sa suke son 85 zuwa sama.

A tsaunukan Alps da Turkiyya, wato Erciyes, Palandöken na Erzurum da Uludağ na Bursa, motoci na bin hanyoyin da dare suna daɓe su. Da safe za ka tarar da su lumui da 'yan tsage-tsage a jere, kuma wannan sa'a biyun farko ita ce lokacin da aka ƙera sikin yanka kwana dominsa. Amma bayan azahar ƙafafu sun tattake hanyar, dusa ta taru tsibi-tsibi, in rana ta buɗe kuma ta jiƙe ta yi nauyi. Ɗalibi da ba ya iya isa dutse sai da hantsi, saboda motar haya daga gari, ya fi dacewa da 76 zuwa 82, mai ɗan ɗagaggen kai da ke hawa kan tsibin maimakon ya soke shi.

Wannan ɗagin kan ma abin dubawa ne. Ka ajiye siki a ƙasa babu kowa a kai, za ka ga tsakiyarsa ta yi doro ba ta taɓa ƙasa. Doron ne ke raba nauyinka a tsawon kaifin duka. Na yanzu da yawa an ɗan ɗaga musu kai tun kafin ƙarshe, don shiga kwana ya yi sauƙi. Mai koyo ya nemi mai wannan ɗagin kaɗan, wanda ke kan ƙanƙara mai tauri kullum ya nemi mai cikakken doro.

Wanda ke Ingila kuma, yawanci a rufaffen ɗaki zai yi, kamar na Milton Keynes, Manchester ko Hemel Hempstead. Gangarar gajeriya ce, don haka gajeren siki mai R 12 ko 13 zai ba shi kwana da yawa kafin ya kai ƙasa.

In ina da kuɗin, me zai hana in sayi irin na 'yan gasa tun farko, in girma a cikinsa?

Zai hana ka girman ne. A cikin siki akwai katako a tsakiya, an lulluɓe shi da zaren gilashi. Na gwanaye ana ƙara musu falle ɗaya ko biyu na wani ƙarfe mai suna Titanal, wanda haɗin alminiyam ne. Ƙarfen yana sa allon ya yi tauri da nauyi, ya kwanta lafiya a guje. Amma ka tuna siki ba ya yanka kwana sai ya lanƙwasa, kuma mai tauri ba ya lanƙwasa sai da gudu da ƙarfin danna shi. Mai koyo ba shi da ko ɗaya. Sai allon ya miƙe da shi, tsoro ya sa ya koma baya ya zauna a kan diddige, daga nan kuma linzami ya ƙwace. Na ga matashi mai ƙarfi, ɗan ƙwallo, ya hau jan siki na gasa da ya ara, ya wuni yana faɗuwa a shuɗiyar hanya har ya ce wasan ba nasa ba ne. Washegari aka ba shi mai laushi na haya, kafin la'asar yana jera kwana yana dariya.

Na babbar gasar zagaye sanduna ma ya fi haka: na maza ba ya gaza santimita 193 da R30. Wannan sai hanyar da aka rufe aka kewaye da raga. Daidai ruwa daidai tsaki. A shago ka tsayar da sikin, ka riƙe kansa da hannu ɗaya, ka danna tsakiyarsa da ɗayan. In ya ba ka haɗin kai ba tare da ka yi nishi ba, naka ne a yanzu.

Haya ko saye?

Shekarar farko haya, babu ja. Matsayinka zai canza cikin makonni, abin da ya dace da kai a Disamba ya yi maka kaɗan a Maris. Shagunan haya da yawa suna barin mutum ya canza allo a rana ɗaya, to ka yi amfani da damar: ka gwada biyu ko uku a hanya ɗaya, ka rubuta lambobinsu a waya da yadda ka ji kowanne. In za ka zauna shekara uku ko huɗu kusa da dutse, ka saya a shekara ta biyu, a Maris ko Afrilu lokacin da shaguna ke karya farashi. In sau biyu kawai za ka je a shekara, ka ci gaba da haya, kuɗin tallafin karatu yana da wurin zuwa.

An ce in fara sayen takalmi kafin allo. Gaskiya ne?

Gaskiya ne ƙwarai, kuma da a ce abu ɗaya tak za ka saya, takalmi ne. Duk umarnin da ƙafarka ke ba siki ta cikinsa yake bi. In ƙafa na yawo a ciki, ka karkata gwiwa amma allon bai ji ba.

Ba a auna shi da lambar takalmin da ka saba saye a kasuwar Sabon Gari. Tsawon tafin ƙafarka ake aunawa a santimita, in 27 ne to lambarka 27 ko 27.5. Akwai kuma faɗi, daga milimita 97 zuwa wajen 104, kuma da yawa daga cikinmu da muka tashi da silifas da takalmin fata sakakke mun fi jin daɗin 102 zuwa sama. Sai lambar tauri: namiji mai farawa 70 zuwa 90, ɗan tsaka-tsaki 90 zuwa 110, gwani 120 zuwa 130, na mata kuma yakan yi ƙasa da haka. Lambar wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba, sai ka saka ka ji.

Ga yadda ake gwadawa. Safa ɗaya siririya doguwa, ba biyu ba, domin safa biyu na naɗewa ta tare jini ƙafa ta fi yin sanyi. Ka ɗaure maɓallan, ka miƙe tsaye: yatsu su taɓa gaba kaɗan. Ka durƙusa ƙaurinka ya danna harshen takalmin: yatsun su ja baya, diddige kuma kada ya ɗaga. Ka zauna da shi a ƙafa minti 15 ko 20 a cikin shagon. Matsi ko'ina daidai ba laifi ba ne, don cikinsa zai saki daga baya. Zafi a wuri ɗaya, kamar kan idon sawu, shi ne matsala, kuma masu shago na iya gasa robar su buɗa wurin.

Mene ne DIN da ake tambaya?

Mariƙin takalmi, wato ƙarfen da ke kan allo, an yi shi ne ya riƙe ka kana tafiya, ya sake ka idan ka faɗi. Lambar DIN ita ce ƙarfin da zai kai kafin ya saki. Ana fitar da ita daga nauyi, tsawo, shekaru, tsawon tafin takalmi da matakin da ka faɗa. In ta yi ƙasa allo zai fita kana tsakiyar kwana, in ta yi sama ba zai fita ba ƙafa ta murɗe, kuma raunin gwiwa shi ne kan gaba a wannan wasa. Kada ka saita da kanka, kada aboki ya saita maka, kada ka hau sikin wani ba a sake saitawa ba. Ka kai wa ma'aikacin shago tare da takalminka, ya kuma tabbatar tafin takalmin ya dace da mariƙin, musamman in mai alamar GripWalk ne, wato tafin roba mai sauƙaƙa tafiya a ƙasa.

Malam, ni mace ce. Dole sai na mata? Kuma yaya batun hijabi da yarana?

Malama, ba dole ba ne. Waɗanda aka rubuta na mata yawanci sun fi sauƙin nauyi da laushi, wasu kuma an ɗan matsar da mariƙinsu gaba. In nauyinki da ƙarfinki sun kai, ki ɗauki kowanne da lambobinsa suka dace da ke. A takalmi ne bambancin ya fi amfani, don na mata wuyansa ya fi gajarta saboda ƙwaurin ƙafa.

Hijabi ba ya hana komai. Ki sa ƙarami mai kama kai, marar allura, ki ɗora hular kwano a sama, ki tura saura cikin riga. Abin gudu shi ne mayafi mai reto, don yana iya maƙalewa a kujerar da ke hawa da mutane dutse. Kayan wasan kuwa dama masu kauri ne, sun rufe jiki duka.

Yara, sikinsu ya tsaya tsakanin ƙirji da haɓa. Kada ki saya musu babba don su girma a ciki. Shaguna da yawa na ba da hayar kaka guda, ki mayar a bazara ki karɓi na gaba da shi baɗi.

Na ga na gwanjo da araha a intanet. Me zan duba?

Na hannu ba laifi ba ne, ni ma ina ba ɗalibai shawararsa, amma ka gani da idonka. Ka bi kaifin da yatsa: in ya sirance saboda yawan wasawa, ko ya tsage, ko ya ɓalle daga jiki, ka bar shi. Ka duba cikinsa, ƙananan ƙarce ana cikewa, amma rami mai zurfi a bakin kaifi matsala ne. Ka duba kai da wutsiya ko fallayen sun fara rabuwa, don ruwa na shiga ya ruɓar da katakon. Ka haɗa allunan biyu ciki da ciki, ya kamata ka ga sarari a tsakiya, in sun manne to doron ya mutu. Sannan mariƙi: in ya tsufa sosai shaguna kan ƙi taɓa shi, saboda kamfanin ya cire shi daga jerin waɗanda yake ɗaukar alhakinsu. Dogon siki miƙaƙƙe na shekarun 1980 kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka hau.

Ina Zariya yanzu, sai baɗi zan tafi. Akwai abin da zan fara? Kuma ban tsufa ba?

Akwai. Cinya da ciki da daidaita jiki su ne jarin. Ka jingina bayanka da bango kamar kana zaune a kujerar da babu, ka riƙe minti ɗaya, ka maimaita. Ka riƙa hawa bene da ƙafa, ka tuƙa keke daga Samaru zuwa Kwangila, in kana da abokan tafiya ku hau Kufena. Wanda ya samu takalmin taya na layi ɗaya ya samu abin da ya fi kusa da yanka kwana, don karkatar iri ɗaya ce. Kada kuma sanyin hunturunmu ya sa ka ɗauka ka san sanyi, ka tanadi safar hannu da ruwa ba ya ratsawa.

Batun shekaru, Kwame Nkrumah-Acheampong na Gana da girmansa ya fara, a rufaffen ɗakin Milton Keynes inda yake aiki, kuma ya je gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010 ya kammala tserensa. Najeriya ta fara halartar wannan gasa a 2018, kuma a 2022 Samuel Ikpefan ya wakilce ta a tseren siki na dogon zango a Beijing.

Mai son ɗanɗanawa kafin tafiya mai nisa, akwai Ski Dubai da aka buɗe a 2005, hanyarsa mafi tsawo mita 400, da Ski Egypt a wajen Alƙahira tun 2017. A fili kuma akwai Oukaïmeden a tsaunukan Atlas kudu da Marrakesh, in an dace da shekarar dusa, da Afriski a Lesotho tsakanin Yuni da Agusta. Duk inda ka fara, ka biya malamin koyarwa ko na kwana biyu ne. Aboki yana da niyya mai kyau, amma kurakuransa zai koya maka.

Banda allo da takalmi, me ya zama dole?

Hular kwano, tabarau da inshora. Dusar ƙanƙara na mayar da har kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, kuma baƙar fata ba ta kare ido. Ka binciki inshorar ɗalibanka ko ta haɗa da wannan wasa, don sauko da mai rauni daga dutse kuɗi ne mai yawa a wasu ƙasashen. Italiya ma tun 2022 ta wajabta wa kowane mai hawa siki inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani. Ka kuma riƙe ƙa'idar hanya: wanda ke gabanka a ƙasa shi ke da hanya, kai na sama ne za ka kauce masa, kuma ba a tsayawa a bayan tudu inda mai saukowa ba zai hango ka ba.

Ranar hunturu gajeriya ce, azahar da la'asar duk a kan dutse za su same ka. Ka yi alwala kafin ka sa takalmi, don cire shi da mayarwa aiki ne. A Turkiyya samun masallaci a gindin dutse ba wuya, a Turai kuwa ka tambayi masu gidan abinci wani lungu.

In na gama karatu, in taho da shi gida?

Ka sayar ko ka bar wa ɗalibin da ke bayanka. Jirgi zai iya cajin ka kuɗin kaya mai tsawo, damina za ta sa kaifin tsatsa, zafin Maris da Afrilu a ɗakin ajiya kuma ba ya yi wa gam da roba kyau. Yashi ma ba madadin dusa ba ne, cinye cikin allon yake yi. Takalmin dai ka taho da shi in kana sa ran komawa taro ko ziyara, ka cire na cikinsa ya bushe, ka ɗaure maɓallan sako-sako don kada siffarsa ta canza.

Tsakanin kaka da kaka a can kuwa, ka goge allunan su bushe, ka kai a wasa kaifin, a shafa musu kaki mai kauri a bar shi ba a kankare ba, ka ajiye su a wuri mai sanyi marar laima, nesa da na'urar ɗumama ɗaki. In Disamba ya zo a kankare kakin, a sake duba lambar DIN da nauyinka na lokacin.